Awarwaron Azurfa a Ƙasan Akwati

Zuwa ga Baba, surukina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka a durƙushe, kamar yadda na saba, gaisuwar 'ya ga ubanta. Ina fatan Allah ya yalwata maka makwancinka. Mutanen gida kowa lafiya. Gwaggo Tabawa, ƙanwarka, tana nan tana fama da gwiwa. Ɗanka ya yi dashen shinkafa da wuri bana, don an saki ruwan kanal a kan lokaci. Jikokinka sun girma, babbar har ta shiga aji biyu.

Shekara biyar na yi a gidanka kana raye. In aka tara duk maganar da ta shiga tsakanina da kai a shekarun nan, ba za ta cika rabin takardar nan ba. "Ina kwana, Baba." "Lafiya lau, Malama. Allah ya yi albarka." Iyakarta ke nan. Haka aka koya mini, haka kai ma ka taso ka tarar, kuma ban taɓa ganin aibun hakan ba sai da ka tafi ka bar ni da magana a baki. Yau shekara uku. Ka yi haƙuri, zan ajiye kunya in yi maka doguwar magana.

Abin da ya tayar da ita ƙarami ne. Makon jiya an fita tara muna zaune a gindin darbejiyar makaranta, sai Malama Rifkatu, abokiyar aikina 'yar Filato, wadda mijinta yake gyaran injinan ban ruwa a Kura, ta ce tana son sayen abin hannu wanda za ta riƙa sawa kullum, ba na biki ba. Ta ce in ba ta shawara, gwal ko azurfa. Na ba ta amsa irin ta malamai. Na ce gwal ba ya baƙi, ba ya sa ƙaiƙayi, amma yana da laushi, kuma mai shi ba ta da kwanciyar hankali a motar haya ko a bakin kanal. Na ce azurfa tana jure wanki da daka, sai dai tana dishewa in an yi watsi da ita. Ta yi godiya. Ni kuwa da na koma aji na ɗauki alli, sai na kasa rubuta komai. Duk abin da na gaya mata a wurinka na koya, kuma ba ta hanya mai daɗi ba.

Saura wata biyu bikinmu, Gwaggo Tabawa ta zo gidanmu a Kumbotso cikin matan da suka kawo lefe. Ana can ana hayaniyar buɗe akwatuna, ta same ni a ɗakin da na ɓuya. Ta zaro wani farin zare daga bakin zaninta, ta ce in haɗe yatsuna wuri ɗaya. Ta zagaya zaren a faɗin hannuna, ta ƙulla, ta datse da haƙori, ta fita. Na ɗauka wata al'ada ce ta mutanen ƙauye. Har na ba ƙawayena labari muka yi ta dariya. Ban san kai ka aiko ta ba. A lokacin abin da na sani game da kai bai wuce cewa uban mijina maƙerin azurfa ne ba.

Ranar da za a kawo ni, bayan la'asar, mahaifiyata Umma ta tura ƙofa ta zaunar da ni a bakin gado. Ta ciro awarwaron gwal guda biyu, sirara. Na san su tun ina ƙarama. Na aurenta ne, kuma bayan rasuwar mahaifinmu babu irin wahalar da ba ta sha ba a kan keken ɗinki, amma ba ta taɓa yarda ta rabu da su ba. Da hannunta ta zura mini su. Ta ce, "Ba na akwati ba ne, kullum za ki sa. Ƙauye za ki, ba ki da uba, ba ki da wa a kusa. Duk wanda ya kalli hannunki ya san daga gida kika fito."

Ba girman kai ne ya sa ta faɗi haka ba, Baba. Tsoro ne. Ba ta san ku ba, ba ta san irin gidan da za ta miƙa 'yarta ba.

Kwanana bakwai a gidanka Gwaggo ta shigo ɗakina da wani ƙulli a farin ƙyalle. Ta ce, "In ji surukinki." Na kwance. Awarwaro biyu ne na azurfa, farare tas, masu nauyi, rufaffu babu maɓalli. A jikinsu ka zana zangarniyar shinkafa tana bin 'yar'uwarta, ƙwaya bayan ƙwaya, har ta zagayo ta haɗu, ba a gane inda aka faro. Gwaggo ta ce wata guda ka yi a kansu, ka hana kowa taɓawa. Ta ce sauran tsofaffin kuɗin azurfar da ka gada wurin mahaifinka ka narka. Ta ce tun rasuwar matarka ba ta ji kana aiki kana 'yar waƙa a maƙoshi ba sai a kansu.

Na zura su, suka shige daidai, ba matsi ba sako-sako. Akwai ƙawayena biyu 'yan birni a ɗakin. Gwaggo tana fita ɗaya ta ce, "Saura ƙwarya, sai tallan nono." Ɗayar ta ce ai ba a haɗa gwal da azurfa, ƙauyanci ne, ɗaya yana kashe wa ɗaya haske. Shekarata ashirin da biyu, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, gani nake na san duniya. Na zare su, na mayar cikin ƙyallensu, na tura ƙasan akwati a ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba. Na aika aka ce maka na gode, Allah ya ƙara girma. Ko minti goma ba su yi a hannuna ba.

Washegari na fara kai maka karin kumallo. Maƙerarka a zaure take, kuma kafin rana ta fito ka riga ka hura gawayi. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye kwanon koko da ƙosai kusa da buzunka. Ba ka taɓa kallon fuskata ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na kalli taka ba. Amma mai kawar da ido daga fuska, a ƙasa idonsa yake sauka, a ƙasan nan kuwa hannuna ne riƙe da kwano. Ta wutsiyar ido na ga idonka ya tsaya a wuyan hannuna. Bai daɗe ba, kamar a ja numfashi sau ɗaya. Sai ka ce, "Allah ya yi albarka," ka juya ga wutarka.

Haka ka yi washegari, haka ka yi jibi. Na fi wata uku ina lura da wannan ɗan tsayawar. Ina komawa ciki in ce wa kaina gobe zan sa su, ko sau ɗaya ne. Gobe ta yi in tuna makaranta, da matan malamai, da Umma in ta zo ta ga hannuna. Daga baya sai ka daina kallo. Ina ajiye kwano, idonka yana kan gawayi. Na ji sanyi a raina a lokacin, na ɗauka maganar ta wuce.

Ɗanka sau ɗaya ya taɓa tambaya. Ya ce, "Ina awarwaron Baba?" Na ce suna nan, adana su nake yi. Bai sake tambaya ba. Halinku ɗaya.

Daga tsakar gida nake jin yadda sana'arka take tafiya. Farkon zuwana masaba ba ta hutawa daga safe har azahar. Mata suna aiko da tsofaffin 'yan kunne a gyara, iyayen amare suna zuwa su zauna a dakali su faɗi irin zanen da suke so. Amma noman rani ya buɗa wa mutane. In an loda kwandunan tumatir motoci sun yi kudu, ko an gama casar shinkafa, magidanci birni yake shiga ya sayo wa iyalinsa gwal in yana da hali. In ba shi da hali ya sayo mai kama da gwal, irin wanda 'yan mata suke gani a kaset, wanda yake koɗewa kafin damina. A hankali sai ga shi abin da ake kawo maka buta ce ta huje, ko fitila, ko bakin famfon feshi ya toshe. Kana karɓa ka gyara. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Ni kuma gwal ɗin ya zame mini aiki. In zan yi wanki in cire in ƙulle a gefen zani. In zan bi ta bakin kanal zuwa makaranta in ja hannun hijabi in rufe. In na shiga motar Kura in riƙa lalubawa ko suna nan. Wata rana a shekarata ta biyu na manta ban cire ba ina dakan gero, taɓarya ta goce ta danne ɗaya a bakin turmi. Ya lanƙwashe ya koma kamar ƙwai. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina tunanin abin da zan gaya wa Umma. Gwaggo ta zare shi daga hannuna, ba ta tambaye ni ba, ta nufi zaure.

Kafin azahar ta dawo da shi ya koma yadda yake, har ya fi ɗan'uwansa sheƙi. Ta ce ka ce, "Gwal ne na asali, Allah ya saka wa wadda ta ba ta. Sai dai ba ya son aiki. Ta riƙa cirewa in za ta yi daka." Iyakar saƙon ke nan. Ba ka ƙara da cewa ai tana da wasu masu son aiki ba. Na jira Gwaggo ta faɗa, ita ma ba ta faɗa ba. Na mayar da shi hannuna. Baba, ko a ranar ban buɗe akwatin ba.

Ranar kasuwar Bunkure ce ta karya ni. Ba ka san ina wurin ba, kuma ban taɓa gaya wa ɗanka dukan abin da na ji ba.

Shekarata ta huɗu ce, ina da tsohon ciki na biyu. Na dawo daga awo, na ratsa ta cikin kasuwa zan nemi mota. Sai na hango ka a wata 'yar rumfa, tsakanin mai sayar da lauje da mai kwanuka. Ban taɓa ganin ka a kasuwa ba. Ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan faifai, ka jera zobba da 'yan kunne da awarwaro huɗu. Na tsaya a bayan tarin kwanukan ina shawarar ko in zo in gaishe ka ko in wuce. Sai ga wata dattijuwa daga unguwarmu, ba zan faɗi sunanta ba, tare da 'yarta da aka sa wa rana. Ta ɗauki awarwaro ɗaya ta jujjuya, ta miƙa wa yarinyar. Yarinyar ta taɓe baki.

Uwar ta ajiye, ta ce, "Malam Maƙeri, yaran yanzu ba sa so. Ai ko a gidanka, matar ɗanka gwal take sawa. Da abin yayi ne, a hannunta za mu fara gani."

Mai lauje ya yi 'yar dariya. Kai kuwa ka ɗauki awarwaron ka goge da bakin rigarka, ka mayar da shi wurinsa. Ka ce, "Na mahaifiyarta ne. Uwa ta sa wa 'yarta abu, ni wane ne da zan ce ta cire? Yarinyar kirki ce. Shekara huɗu ban taɓa karyawa a makare ba."

Suka wuce. Ka sake jera zobban da ba wanda ya taɓa su. Ka ɗauki ɗaya ka kai shi dab da idonka, har yana neman taɓa gira, kana jujjuya shi wajen haske. A nan na gane idonka ya fara tafiya. Kullum ina durƙusawa a gabanka amma ban sani ba.

Ban iya zuwa na gaishe ka ba. Na koma da baya ta layin 'yan albasa. Ban hau mota ba. Na bi gefen kanal da ƙafa, da cikin nan nawa, ina tafe ina share hawaye da hijabi, masu ban ruwa suna yi mini sannu suna zaton ciwo ne. Ashe ba kai kaɗai kake kallon hannuna ba. Duk unguwar suna kallo, kuma abin da suke karantawa a ciki ba abin da Umma ta nufa ba ne. Ni ce nake yawo gida-gida ina shaida wa mutane cewa aikinka bai isa a sa ba.

Ina shiga ɗaki na zazzage akwatin. Ƙyallen ya yi rawaya. Da na kwance, sai na ga sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, zanen shinkafar da ƙyar ake ganinsa. Na ce ba komai, a haka zan sa. Na zura ɗaya, ya tsaya a gaɓoɓin yatsu. Na sa sabulu, na sa man gyaɗa, na zura hannuna a leda na gwada. Na matsa har fata ta saɓule, jini ya fito. Ya ƙi shiga. Na ce kumburin ciki ne, in na haihu zai sauka.

Na haihu, na yi wankan jego, aka yi arba'in. Na sake gwadawa, suka tsaya a inda suka tsaya. Hannun amarya ka auna, Baba. Wannan kuwa hannun matar da ta yi shekaru tana wanki da daka ne, ba zai koma ba.

Mako uku ina juya maganar kafin in iya gaya wa ɗanka ya kai maka a buɗa su. Ya kwance ƙyallen ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kin san zai gane?" Na ce na sani.

Da hantsi ya kai maka. Na bi bayansa na laɓe a jikin katangar zaure, jaririya a goye. Na ji ka karɓa. Na ji ƙarar haɗuwarsu sau ɗaya. Sai na ji ka ce, a hankali, kamar da kanka kake magana, "Ba su ji jiki ba."

Ɗanka ya fara cewa ai saboda darajarsu ne take adana su. Ka ce, "Na sani. Azurfar ce ba ta son adanawa. A ce Tabawa ta kai zare."

Gwaggo ta zo ta sake auna ni. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tana ƙulla zaren hawayena ya ɗiga a bayan hannunta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ɗanka ya gaya mini sai an yanka kowanne an ƙara masa guntu. Ya ce azurfa ta ƙare maka, ya yi maka tayin ya shiga birni ya sayo, ka ce ta yanzu gauraye ce, launinsu ba zai zo ɗaya ba, kowa zai ga wurin ƙari. Na yi ta tunanin inda za ka samo. Bayan kwana biyu na kai maka koko, ka miƙo hannu za ka jawo kwanon. A ɗan yatsanka na ga wani farin zagaye a fata, inda rana ba ta taɓa gani ba. Zoben da ke wurin babu shi. Gwaggo ta ce na mahaifinku ne, tun kana saurayi yake hannunka, kuma azurfarsu ɗaya da awarwaron.

Kwana tara ka yi a kan guda ɗaya, aikin da a da ba zai ci maka yini ba. Sai rana ta take, haske ya shigo bakin zaure, sannan kake iya gani. Ina jin masabarka daga ciki, bugu biyu, sai dogon shiru, sai tari. Gwaggo ta ce ka ƙona babban yatsanka ka ɗaure da tsumma ka ci gaba. Kullum ina cewa in aika a ce ka bari haka, kullum ina tsoron ka ɗauka ba na so ne karo na biyu.

Ranar ta goma Gwaggo ta kawo mini. Ka wanke shi da ruwan tsamiya da toka, ya dawo fari. Na nemi wurin ƙarin, na zagaya shi sau uku kafin in gano, don ka ci gaba da zanen a kai, sai dai ƙwayoyin shinkafar da ke wurin sun ɗan karkace. Ta ce ka ce ɗayan sai ka ɗan ji ƙarfi. Na cire gwal ɗin Umma duka biyu na sa a akwati. Na zura naka, ya shige.

Da safe na ɗauki kwano na nufi zaure. Na tarar da gawayi a mace, buzunka a naɗe. Gwaggo ta ce zazzaɓi ya kwantar da kai, ƙirji ya riƙe. Ta ce in biyo ta. Ranar na fara taka ɗakinka.

Ɗakin da duhu, an rufe taga saboda sanyi. Kana kwance kana fuskantar ƙofa. Na durƙusa na gaishe ka, ka amsa. Na ajiye kwanon, na ja hannun hijabina sama yadda za ka gani, amma na san idonka ba zai kai ba. Awarwaro ɗaya kuma ba ya ƙara shi kaɗai. Sai na saki hannuna da gangan, ya bugi gefen kwanon.

Ka ɗan ɗaga kai. Ka ci gaba da saurare, ko da yake ƙarar ta riga ta mutu. Sai ka ce, "Bai matse ba?"

Ita ce tambaya ɗaya tilo da ka taɓa yi mini kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. Ni kuma kunyar shekara biyar ta danne ni. Na girgiza kai kawai. Na girgiza wa mutumin da ba ya gani kai, a ɗaki mai duhu. Gwaggo ce ta ce, "Ta ce daidai ne." Ka ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Ka mayar da kanka kan matashi.

Kwana goma sha ɗaya ka ƙara. An kai ka asibiti a Kura, ka yi kwana huɗu, ka ce a mayar da kai gida. Kullum ina shirya maganar da zan yi maka, ina haddace ta a bakin murhu. In na zo sai in tarar da maza 'yan dubiya, ko kana barci, ko in durƙusa bakina ya ƙi fitar da komai sai "Ya jiki, Baba." Ka rasu da hantsi, ana tsakar yankan alkama, ɗanka yana gona. Gwaggo ce kaɗai a kanka. Ni ina tsakar gida ina tace maka kunu.

Bayan addu'ar uku ɗanka ya shiga zaure yana tattara kayan aikinka. A cikin gwangwanin madarar da kake ajiye ƙananan abubuwa ya sami ɗayan awarwaron. Ka wanke shi, ka yanka shi, bakinsa a buɗe. Kusa da shi ga rabin zoben, ka buge shi ya miƙe, har ka fara zane a kai. Ƙwaya uku ka yi.

An je wurin mai wayar haya da ke ƙarƙashin lema a bakin titi an sanar da Umma, ta zo gaisuwa. Da mutane suka ragu ta kama hannuna ta juya shi. Ta ce, "Ina gwal ɗin?" Na ba ta labari tun daga zaren farko har zuwa gwangwanin madara. Ban ɓoye maganar kasuwa ba. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce na wulaƙanta kyautarta. Ta daɗe tana shafa zanen da babban yatsanta. Sai ta ce, "Ba hannu biyu gare ki ba?"

Ta ce, "Ni na ce ki sa nawa, ban ce kada ki sa nasa ba. Da kin gaya mini, da da kaina zan zura miki." Sai ta fashe da kuka, ita da ko sau biyu ba ta gan ka ba. Shekara biyar ina ganin an sa ni zaɓi tsakanin uwata da kai. Ba wanda ya sa ni. Maganar wata ƙawa ce, wadda yau ban ma san garin da take aure ba.

Yanzu naka yana hannun dama, ba na cire shi. Da shi nake wanki, da shi nake daka, da shi nake rubutu a allo. Bai sake baƙi ba. Ya sha karce, zanen ya fara lafewa ta gefen da yake gogar tebur, kuma na san da ka gani da ka ji daɗi. Na Umma suna hagu, ina cire su in zan yi aiki, kamar yadda ka ce. Ɗanka ya ce a kai ɗayan wurin maƙeran birni su haɗe bakinsa. Na ce a bar shi. Ba na son wani hannu ya ƙarasa ƙwaya ta huɗu.

Zauren yanzu buhunan taki ake ajiyewa a ciki. Ta nan nake wucewa kullum in zan tafi makaranta. Har yau in na zo daidai inda buzunka yake, sai in ji tafiyata ta ragu.

Baba, ga amsar da na hana ka. Bai matse ba. Daidai yake, bai taɓa ci mini fata ba, ko da zafi ko da sanyi. Yana da kyau, kuma tun ranar farko na ga kyansa. Na ji abin da ka faɗa a kaina a kasuwa, kuma ban cancanci rabinsa ba. Ka yafe mini. Na san halinka, na san za ka ce ba komai, amma ina so in roƙa da bakina, ba ta bakin Gwaggo ba.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa haƙurinka ya zame maka haske a kabari. Yadda ka rufa mini asiri a gaban mutane, Allah ya rufa maka naka ranar da kowa zai tsaya. Ya mayar maka da ganinka fiye da na ƙuruciya, ya haɗa ka da iyayenka da matarka a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Na bar ka cikin rahamar Ubangiji.

Surukarka,
wadda kake kira Malama.